Ummu Rif'at Ba Ta Roƙon Ruwa

Duk wanda ya sake ce min tsufa ne ya kashe ƙodar Ummu Rif'at, to ni da shi ne. Na ji wannan magana a bakin ɗanta, na ji ta a bakin shugabar gidan jinyar da aka kai ta a Alƙahira, har a ƙauyenmu akwai masu maimaita ta suna kaɗa kai wai su sun san duniya. Ni nas ce, sunana Insaf, a ɗakin masu ciwon ƙoda nake aiki a garin Ƙina, can kudu da Alƙahira, tun ina budurwa, kuma na san yadda ƙodar da tsufa ya gajiyar take. Tata ba haka ta yi ba. Ƙishirwa ce ta cinye ta, tana kwance a kan gado mai tsada, ga gorar ruwa a rufe a kan teburin da ke daidai kanta.

Sunanta na yanka Nabawiyya, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi ba sai mahaifiyata, shi ma in sun yi faɗa. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nata. Ni Inna nake ce mata, don a bayanta na yi rabin yarintata.

'Yar maginin tukwane ce daga ƙetaren kogi. Aka aurar da ita ga Abdurradi mai saran rake, ta haifa masa Rif'at. Yaron bai fara makaranta ba uban ya bi 'yan'uwansa aikin gini a Libiya, gawarsa ce ta dawo. Mutumin da ya rako gawar, wani mai sakin baki, ya ce mata abin da marigayin ya nema na ƙarshe a duniya ruwa ne, kuma kafin a kawo rai ya yi halinsa. Mahaifiyata ta ce ba ta ga ta ƙara hawaye a kan wannan magana ba. Tana fita takaba ta haye kogi ta je gidan ubanta, ta dawo da randa uku a keken jaki, ta jera su a gindin ɓauren da ke ƙofar gidanta, a bakin hanyar da ta nufi gonakin rake.

Tun daga ranar randunan nan ba su taɓa kwana a bushe ba. Da sassafe za ta kwashe ragowar jiya ta zuba wa ɓauren, ta goge cikinsu da zaren dabino, ta turara su da ƙaro, sannan ta cika su ta rufe da faifan katako. Moɗar dalma guda ɗaya ce, ɗaure da igiya. Wasu matan ma suna ajiye randa a ƙofar gida don sadaka, amma su ajiyewa suke yi su shige ciki. Ita kuwa zama take yi a kan dakali tana gadi, ba gadin ruwan ba, gadin masu wucewa. Ba ka isa ka gifta da rana tsaka ba ka sha ba. In ka ce ka sha, ta ce ƙarya kake. In ka ce sauri kake, ta ce kabari ba ya gudu. In ka ƙara taku ɗaya sai ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji:

"Na haɗa ka da Allah, ɗan mutane, ka dawo ka sha!"

To wa zai wuce bayan an haɗa shi da Allah? Na ga hafsan 'yan sanda da tauraro a kafaɗa ya sauko daga mota ya ɗaga moɗar nan yana hararar direbansa da ke dariya.

Da azumi ya zo sai kasuwarta ta mutu da rana, sai ta koma farautar Kiristocin ƙauyen. Wanda ya fi shan wuya a hannunta shi ne Ammu Jirjis mai sayar da albasa a keken jaki.

"Kai Jirjis, tsaya! Ina za ka da wannan baƙar rana?"

"Ummu Rif'at, ki ji tsoron Allah. Kuna azumi ni zan tsaya a bakin hanya ina ɗaga moɗa? So kike a ce ba ni da kunya?"

"Ni nake azumi ko kai? Zagaya bayan ɓauren ka sha. Jakin naka fa, shi ma yaushe ya musulunta? Kawo bokitinsa."

Haka zai zagaya ya sha yana gunaguni, ya fito yana goge gashin baki, ya ajiye mata albasa biyu a kan dakali, ta jefe shi da su.

Wannan ita ce matar in tana ƙofar gidanta. In kuwa ta shiga gidan wani, sai ta zama wata daban. Mu mutanen Sa'id, wato kudancin ƙasar nan, kowa ya san halinmu, an miƙo maka abu ba ka karɓa da fari, sai ka ce ka ƙoshi, a ƙara ka ƙara ƙi, sai mai gida ya rantse sannan ka miƙa hannu. Kowa yana yi, amma mafi yawanmu wasa ne da ake gamawa a numfashi biyu. Ita ba ta ɗauke shi wasa ba. A wurinta baƙo ba ya roƙo, kuma ba ya karɓar abin da ba a rantse masa a kai ba, don wanda ya tambaye ka sau ɗaya ya yi shiru, a ganinta, dama ba ya son ba ka. Sun tsufa tare da mahaifiyata, sun yi wa juna wankan jego, amma in ta shigo gidanmu aka miƙo mata ruwa, amsarta ɗaya ce:

"Na sha yanzun nan, Allah ya shayar da ke."

"Ƙarya kike, Nabawiyya, tun safe kike gaban tanda, ina jin ƙamshin burodinki."

"Wallahi ki bar shi, kada ki wahalar da kanki."

"Na rantse da ran Insaf, in ba ki sha ba ƙafata ba ta sake taka gidanki."

Sai ta karɓa, ta kafa kai, ba ta sauke kofin sai ta ga gindinsa. Muna yara dariya abin yake ba mu. Yanzu in na tuna ba ya ba ni dariya.

Da burodi da agwagi da tattabaru ta raini Rif'at har ya zama injiniya a Alƙahira. Kada wani ya ɗauka zan ce ɗan banza ne, ba haka ba ne, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ƙona min rai. Kowace Sallah yana zuwa. Ya ja mata famfo har tsakar gida, ya saya mata firiji, ita kuma ta cire wayar ta mai da shi ma'ajiyar gari saboda ɓera, ta ce ruwansa ba shi da ɗanɗano kuma yana kama ƙirji. Ya roƙe ta ta koma wurinsa har ya gaji. Ta ce in ta tafi wa zai cika randa.

A gindin randunan ta faɗi. Santsin ruwan da ta zuba wa ɓauren ne ya kwashe ta, ƙashin ƙugunta ya karye. Rif'at ya taso a ranar, ya ce a Alƙahira za a yi mata aiki. Ban hana ba, can suka fi mu kayan aiki. Amma da ake shigar da ita mota na ja shi gefe. Na tuna masa tana da ciwon suga da hawan jini, tana shan ƙwayar da ke fitar da ruwa daga jiki, ƙodarta tana aiki lafiya amma ba ta yarinya ba ce, kuma ga watan Agusta, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa a ƙasarmu.

Na ce masa, "Duk inda aka kwantar da ita, ka gaya musu su shayar da ita. Ba tambayarta za su yi ba, shayar da ita za su yi. Su zauna a gabanta da kofi, su rantse mata."

Ya yi dariya. "Haba Insaf, Alƙahira ce fa, ba gindin ɓaure ba. Akwai likita, akwai nas-nas irinki. Can ko ruwan famfo ba sa ba marar lafiya, sai na gora."

Aikin ya yi kyau. Da aka sallame ta sai matsalar wurin zama ta taso, gidansa can saman bene yake ba na'urar hawa, shi da matarsa duk aiki suke fita. Sai ya nemo gidan jinyar tsofaffi, mafi kyawun da ƙarfinsa ya kai, ya ce ta zauna har ƙafar ta yi ƙwari ya maido ta gida.

In na kira ta a waya sai ta ce lafiya lau, mutanen kirki ne, in gaishe da mahaifiyata, in duba mata randa. Sannu a hankali muryarta ta fara yin nauyi, kalmomin suna manne wa juna. Na tambayi Rif'at, ya ce barci take yawan yi, kuma ranar nan ta kira shi da sunan ubansa, amma masu gidan sun ce ba komai, rikicin tsufa ne da canjin wuri. Matar da ta san sunan jikan kowa a ƙauye uku, wai rikicin tsufa a 'yan makonni! Na nemi hutu na hau jirgin ƙasa.

Gidan ya yi kyau, wannan kam ba ƙarya. Dutse mai sheƙi a ƙasa, furannin roba a kowace kusurwa, ƙamshin maganin wanke daɓe har bakin titi. Aka nuna min ɗakinta na shiga, sai na tsaya a ƙofa don ban gane ta ba. Idanunta sun faɗa, leɓɓanta sun tsattsage har da busasshen jini. Na buɗe bakinta na ga harshen ya bushe ya yi kaushi kamar dabinon bara. Na matsa fatar ƙirjinta na saki, ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. A kan teburi ga gorar ruwa ba a fasa hatiminta ba, ga kofi a kife a kan faranti, tsaf-tsaf. Ko da ta so sha, yatsun da kwaɓin burodi ya lanƙwashe ba za su iya murɗe wannan murfin ba. Na buɗe durowar gefen gadon, sai ga kwalayen lemon mangwaro da Rif'at ke kawo mata, a jere, ko ɗaya ba a huda ba.

Ina tsaye sai ga yarinyar da ke kula da ita ta shigo da sauri, wata siririya mai suna Nurhan, ɗauke da tulin zannuwan gado. Da ta ji ni 'yar gida ce sai ta washe baki.

"Ke ce 'yar Hajja? Wallahi duk benen nan ita na fi so. Ba ta kira, ba ta danna ƙararrawa, ba ta ƙorafi. Ƙunzugunta kuwa daga safe har yamma a bushe, ko canji ba ya so. Da duk haka suke ai da na huta!"

Na ji jini ya hau min kai. A ɗakin da nake aiki, in aka ce tsoho ya wuni a bushe, gudu ake yi a kira likita. A nan yabo ne.

Na ce, "Yaushe rabonta da fitsari?"

"Jiya ta yi ɗan kaɗan. Ja haka, kamar shayin da aka manta a wuta."

"Ruwa fa?"

"Kullum sai na tambaye ta, wallahi tallahi. Ki tsaya ki gani." Ta juya wajen gadon ta ɗaga murya, zannuwan na hannunta. "Hajja! Ruwa?"

Matar da ba ta gane ni ba, wadda ba ta san a wace duniya take ba, sai leɓɓan nan suka motsa.

"Na sha, 'yata. Allah ya shayar da ke."

Nurhan ta dube ni ta buɗe hannu. "Kin ji ko?"

Ban san lokacin da na fizgi gorar na murɗe ta ba. Na tallafo kanta, na kai kofin bakinta, na ce, "Inna, ni ce Insaf. Na rantse da ran Rif'at sai kin sha." Ta buɗe baki nan take. Ta haɗiyi kurɓi biyu, na uku ya dawo tare da amai. A nan na san abin ya wuce kofi, sai asibiti.

Kafin motar asibiti ta iso shugabar gidan ta sauko, Madam Jihan, da tabarau rataye a ƙirji da murya mai sanyi irin ta masu lallashin mahaukaci. Na tambaye ta magungunan da ake ba ta. Ƙwayar fitar da ruwan nan ba a fasa ba ko rana ɗaya, an kuma ƙara mata maganin ciwon ƙashi mai ƙarfi, irin wanda ke wahalar da ƙoda ko da mutum yana shan ruwa, balle a bushe. Da ɗan kurɓin da bai kai cokali biyu ba ake tura mata su. Wato ana matse ruwan jikinta ta ƙasa, ba a zuba komai ta sama, ga zafin Agusta.

Madam Jihan ta ce, "Sista, mu a nan muna mutunta ra'ayin tsofaffinmu. In mutum ya ce ba ya so, ba ma tilasta masa. Ba gidan yari muke da shi ba."

Na ce, "In na zo gidanki kika kawo min shayi na ce na gode, kwashewa za ki yi?"

"Wannan daban."

"Ina bambancin? Uwarki ba ta koya miki cewa 'na sha' ba amsa ba ce?"

Ta gyara tabarau ta ce shekaru ma suna da nasu. Allah ne ya taimake ta masu ɗaukar marar lafiya suka shigo.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ba wanda bai san al'adar nan ba a cikinsu. Ba Turawa ba ne. Ita kanta Nurhan in baƙo ya je gidansu ya ce ya ƙoshi, kakarta ba za ta bar shi ya tashi ba. Amma bene guda aka damƙa wa yarinyar ita kaɗai, wannan ya ɓata gado, wancan yana ihu, waccan ta cire robar hannunta. A irin wannan aiki wanda ya ce a'a shi ne sauƙinka, wanda ba ya fitsari shi ne masoyinka. Ba na zagin Nurhan, masu gidan da suka sayi furannin roba suka ƙi ɗaukar yarinya ta biyu nake zagi. Shayar da tsoho ai ba ilimin likita ba ne. Tsoho ba ya jin ƙishirwa yadda yaro yake ji, wannan ko ɗalibar shekarar farko ta sani. Ka buɗe masa gorar, ka zauna, ka riƙe kofin, kurɓi kaɗan yanzu kurɓi kaɗan an jima, ka dubi abin da yake fitarwa, in ya ragu ko ya yi duhu ka faɗa wa likita ya duba ƙwayoyinsa. Shi ke nan fa. Abin da matar nan ta yi wa jakin Ammu Jirjis kyauta, shi aka kasa yi mata da kuɗi.

A asibiti gwajin jini ya nuna ƙodar ta tsaya cak. Likitar, wata matashiya da ta san aikinta, ta sa mata ƙarin ruwa da robar fitsari, ta ce gubar da ta taru a jini ta yi yawa, dole a yi wankin ƙoda. Ta ce sau da yawa irin wannan ƙodar tana farfaɗowa in an ba ta lokaci, amma ta wannan baiwar Allah ta daɗe a bushe, ga suga, ga magungunan nan, sai dai mu jira mu gani.

Rif'at ya iso da rigar aiki, fuskarsa ta yi fari. Na tare shi a baranda.

"Na tambaye ta, Insaf. Kullum in na tashi daga aiki sai na biya. Kullum sai na ce Umma kin sha ruwa, ta ce ta sha."

"Ka rantse mata?"

Ya kau da kai.

"Tambayarka nake, Injiniya. Ka buɗe kwali ɗaya ka sa mata a baki? Ka ce na haɗa ki da Allah? Kai da ka tashi a gindin ɓauren nan, kai da ka ga tana tare hafsan 'yan sanda! Nurhan ba ta san ta ba, kai fa?"

"Ni ɗanta ne, ba baƙo ba. Me za ta ji kunyata?"

"Kai ba baƙo ba ne, ita ce baƙuwa. A gidan mutane ka ajiye ta."

Ya jingina da bango yana share ido, can ya ce shekarunta ma sun ja, wataƙila dama lokacin ƙodar ne ya yi. Na bar wurin don kada in mari ɗan mutane a gaban jama'a.

Bayan an wanke mata jini hankalinta ya dawo. Ta buɗe ido ta gane ni, abin da ta fara tambaya wa ke cika randa. Na ce Ammu Jirjis da mahaifiyata, suna yi suna faɗa. Na so in bari sai ta ƙara samun ƙarfi, amma ban iya ba.

"Inna, don me kika yi mana haka? Ruwa a gefenki, ga ƙararrawa a hannunki!"

"A gidan mutane nake, Insaf."

"Gidan mutanen da ɗanki ke biya!"

"Ko yana biya. Yarinyar nan ita kaɗai ce, tun safe gudu take yi, ko zama ban ga ta yi ba. In na sha sai ta ɗaga ni, ta wanke min jiki. 'Yar mutane, ba ni na haife ta ba." Ta ɗaga ido ta kalli rufin ɗakin. "Kuma daga bakin ƙofa take tambaya. Da an ce don Allah, da na sha."

Na fita na je bayan gida na yi kukan haushi. Haushinta nake ji, da haushin duk uwar da ta koya wa 'yarta cewa mutunci shi ne ki mutu ba ki nemi abin da kike buƙata ba, da haushin kaina da nake jin wannan hali nata ya burge ni duk da haka.

Daga nan sai zaman jira. Idona kullum yana kan jakar fitsarin da ke rataye a gefen gadon, kamar mai jiran famfo ya kawo ruwa. Wata rana a ga 'yan ɗigo, in kira likita da murna, washegari babu. Hutuna ya ƙare na ƙara, ya sake ƙarewa. A ƙarshe likitar ta zaunar da mu ta faɗa mana abin da na riga na sani. Ƙodar ba za ta tashi ba. Wankin ƙoda ne har iyakar rai.

Muka maido ta gida. Yanzu a ɗakin da nake aiki ake yi mata wankin, ni nake soka mata allurar da hannuna. Wanda bai san wannan ciwo ba bai san sharaɗinsa ba. Tunda jiki ba ya fitar da ruwa, duk abin da aka sha a ciki yake zama, ya kumbura ƙafa, ya hau ya cika huhu, mutum ya shaƙe yana kwance a gadonsa. Don haka aka yanka mata abin da za ta sha a yini, bai wuce cikin moɗa ɗaya ba, har da shayi, har da romon miyar lalo. Ga ƙishirwar masu wankin ƙoda kuwa, na ga ƙarti majiya ƙarfi suna kuka a kanta.

Randunan suna nan. Rif'at ya so ya kawo na'urar sanyaya ruwa ya kafa a wurin, ta ce in ya kawo a kansa za ta fasa ta. Da rana mukan turo ta a keken guragu zuwa gindin ɓauren, ta ci gaba da gadin masu wucewa, muryar ta ragu amma har yanzu ba mai giftawa. Sai dai yanzu in mutum ya ɗaga moɗar, ba fuskarsa take kallo ba, maƙogwaronsa take kallo.

Ranar wata Juma'a Rif'at ya zo, muna zaune mu uku a wurin bayan an sauko daga masallaci. Washegari ne wankinta, ƙafafunta sun riga sun kumbura, numfashinta ya fara gajarta, kuma moɗarta ta ranar ta ƙare tun hantsi. Ammu Jirjis ya tsaya da kekensa, ta sa shi ya sha. Ya tsufa, hannunsa yana rawa, ruwan ya zubo ta gefen bakinsa ya bi haɓarsa ya ɗiɗɗiga a ƙasa. Ta bi ɗigon da ido har ƙasa ta shanye. Da ya tafi sai ta ce:

"Insaf."

"Na'am, Inna."

"Ba ni ruwa."

Tun da na yi wayo ban taɓa jin waɗannan kalmomi a bakinta ba. Rif'at ma bai taɓa ji ba. Ya zabura ya cire faifan randa, ya cika moɗar har tana zuba, ya durƙusa a gabanta.

"Ga shi, Umma. Wallahi sai kin sha. Na rantse da kabarin babana sai kin shanye!"

Yanzu ya tuna da rantsuwa. Na riƙe wuyan hannunsa na karɓe moɗar, na juye ta a gindin ɓauren. Ya dube ni kamar zai cinye ni, na ce in yana so ya kwana yana kallonta tana neman iska, ya sake cikawa. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Ita ko kallonsa ba ta yi ba, ni take kallo.

"Na haɗa ki da Allah, 'yata."

A ƙauyenmu ba a taɓa haɗa mutum da Allah a gindin wannan ɓauren ya ƙi ba. Na tsoma bakin mayafina a ɗan ruwan da ya rage a gindin moɗar, na goga mata a leɓe. Ta kama mayafin da haƙori tana tsotsa.

Na ce, "Kin sha, Inna."